Leda ta Huɗu da Sista Vasemaca ta Hana Mu

Ƙarfe shida da rabi na safe, lokacin da bas ɗin farko ke sauke masu gwaza da rogo a bakin kasuwa, Sista Vasemaca Tuinaceva tana hawan tudun asibiti da ƙafa, lema a hammata, burodi a jaka. Ba ta shiga tasi, wai tudun nan shi kaɗai ne likitan da take gani. Tana isa ɗakin kulawa ta musamman, mai gado huɗu, sai ta wanke hannu har gwiwa, ta haɗa shayi, ta rungume kofin da tafukanta biyu. Shekara da shekaru abokan aikinta suna zaton son shayi ne ya yi mata yawa. Ashe hannun take ɗumamawa, don kada ta taɓa mara lafiya da hannu mai sanyi ta kasa gane nasa sanyin.

Daga nan sai zagaye. Duk wanda ya shiga ɗakin nan, idonsa a kan allunan na'urori yake fara sauka, masu ƙyalli da ƙara. Ita daga ƙafar gado take farawa. Ta ɗage mayafi, ta ɗora tafi a kan gwiwar mutum, ta duba ko fatar ta yi sanyi ko ta yi dabbare-dabbare. Ta kama ɗan yatsa ta matse farcen har ya yi fari, ta saki, tana ƙirgawa a zuci kafin jan ya dawo. Ta tsuguna ta ɗaga ledar fitsari tana hasko ta a taga kamar mai sayen man kwakwa. Sai ta gama wannan duka take ɗaga kai ta ce wa na'urar, “To, ke kuma me kika gani?” Ma'aikatan ɗakin suna kiran abin gaisuwar gwiwa.

Shekara talatin da huɗu ke nan tana aikin jinya, ashirin da ɗaya a wannan ɗaki. Ranar Juma'a mai zuwa za ta ajiye farar rigar ta koma tsibirinsu, Gau. Babu jaridar da ta taɓa buga hotonta, kuma na san in ta ga wannan rubutu cewa za ta yi ba ni da aikin yi.

Sunana Aminiasi, tsohon shugaban makarantar firamare, don haka Masta ake kirana. Amma akwai aikin da na gada wanda ya girmi koyarwa: gidanmu ne bakin Ratu, sarkin ƙauyenmu a nan tsibirin Vanua Levu. Ni nake zama a gefensa, ni nake magana da yawunsa, ni nake karɓar yangonar da baƙi suka kawo, saiwar nan da ake dakawa a jiƙa a sha a wurin taro, ni kuma nake tsare masa mutunci in shi bai iya ba. Ina da wani hali kuma da matata ta gaji da shi: in abu ya shige mini duhu, ba na barci mai daɗi sai na gano kansa. Shekara uku ke nan matar nan ta shige mini duhu.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Mu mutane ne da ba mu iya ba da kaɗan ba. In baƙo ya zo, sai an tula masa abin da mutum biyar ba za su cinye ba. Haka muka ɗauki asibiti. In mutum ya dawo daga jinya, tambayar farko a gindin mangwaro ita ce, “Ledar ƙarin ruwa nawa aka sa masa?” In aka ce shida, sai tsofaffi su gyaɗa kai, “Kai, sun kula da shi.” In aka ce biyu, sai a fara binciken wanda ya ɓata wa nas rai. To ga mace da ta yi suna wajen mayar da ledar ruwa kan kantar magunguna bayan an riga an ɗauko ta, kuma majinyatanta ne suka fi fitowa da ƙafafunsu. Yaya aka yi haka?

Na bi mutane ina tambaya. Bissun Deo, wani manomin rake, ya ba ni labarin matarsa da ƙwayar cuta ta shiga jininta bayan ƙaya ta soke ta a gona. Ya ce, “Masta, kuka nake wiwi, ina roƙon a ƙara mata ruwa. Sista ta kamo hannuna, ta danna babban yatsana a ƙwaurin matata, ta ɗaga. Rami ya tsaya a wurin, ya ƙi cikewa. Ta ce, ‘Ɗan'uwa, ga ruwan da kake nema nan. Yana jikinta, ba ya cikin jijiya. In na ƙara, huhu ya rage ya shiga.’ Ban fahimta ba a ranar. Ga matar can tana shanyar barkono.”

Na ce to, rowa ce ta zame mata sa'a. Torika, nas ɗin da ta yi shekara goma sha biyu a ƙarƙashinta, ta ƙyalƙyale da dariya. “Rowa? Masta, ba ka ga ranar da aka kawo wani masunci da gudawa ta tsotse shi ba. Ledar ta kama da hannu biyu tana matsa kamar mai tatsar kwakwa, tana yi mana tsawa mu kawo wata. Lita biyu kafin ka gama cin kwanon abinci. Ba hanawa take yi ba, tambaya take yi. Ita ba ta sa wa mutum ruwa sai ta tambaye shi, ko da kuwa a sume yake.”

Wannan na sani, don na gani da idona. Ni ne ma na tsaya mata a gaba.

Watan Fabrairu ne, bayan ambaliyar da ta ci gadar ƙauyenmu. Ratu Semesa, mai shekara sittin da ɗaya, ƙato ne da ba ya jin magana. Ya shiga ruwa har ƙugu yana kwance shanun mutane, da tsaga a tafin ƙafarsa. Bayan mako guda zazzaɓi ya kayar da shi, idanu jajur, ƙwauri na ciwo. Kowa ya san ciwon, wanda ake ɗauka a ruwan da fitsarin ɓera da na shanu ya ɓata. Ya ce ganye zai sha. Ranar da muka ɗora shi a bayan motar ɗaukar kaya da hantsi, ya dube ni ya kira ni da sunan mahaifina da ya rasu shekara ashirin.

A ɗakin gaggawa aka ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta da ledar ruwa uku, ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe uku na rana aka shigar da shi ɗakin Sista. Ni da matarsa, Adi Kelera, aka bari muka shiga. Jininsa ya ƙi hawa. Fitsarin da ya taru bai cika rabin kofi ba, kuma launin baƙin shayi. A gadaje biyu na gefe, injinan numfashi biyu kacal da asibitin yake da su suna ta huci a kan wasu mutane. Dakta Roshni Naidu, likitar ɗakin, tana tsaye da leda ta huɗu a hannu, ba ta rataya ba, ba ta ajiye ba.

Na ce, “Dakta, a sa masa mana. Me ake jira?”

Ta yi mini bayani a gurguje, kuma sai daga baya na gane kyawun bayanin. Ta ce in ƙwayar cuta ta mamaye jini, jijiyoyi suna saki, suna yoyo, shi ya sa jini ke sauka. Ruwan farko dole ne, shi ke riƙe rai. Amma bayan nan ƙodar Ratu tana kukan ƙishi, huhunsa kuma, a irin wannan ciwo, ya fi komai tsoron ruwa. In ta hana, ƙoda na iya tsayawa. In ta ƙara ya malala cikin huhu, babu injin da za ta sa masa.

Ni dai abu ɗaya na ji: akwai leda, kuma an ƙi sa wa sarkina.

Sai wata mace gajera, mai furfura a goshi, ta ɗago daga ƙafar gadon inda take riƙe da gwiwar Ratu. Ta ce, “Dakta, mu tambaye shi tukuna.”

Na ce, “Ku tambayi wa? Mutumin da bai san inda kansa yake ba?”

Sista Vasemaca ke nan, ko kallona ba ta yi ba. Dakta Roshni ce ta amsa, tana jawo wata 'yar na'ura mai nuna hoton zuciya. Ta ce za a kwantar da kansa ƙasa, a ɗaga ƙafafunsa sama na minti ɗaya. Jinin da ke ƙafafun zai gangaro zuwa zuciya, kamar an yi masa ƙarin ruwa da nasa na jiki. In zuciyar ta karɓa ta ƙara turawa, to tana son ruwa, sai a rataya ledar. In ba ta motsa ba, ta ƙoshi. Daɗin abin, da an sauke ƙafa, jinin ya koma inda ya fito. Ruwan leda kuwa in ya shiga, ya shiga.

Yau in na tuna dabarar sai in ji kamar in tafa. A ranar ban ji komai ba sai “kansa ƙasa, ƙafafunsa sama.” Tun ina yaro ban taɓa ganin hannun wani ya gifta ta saman kan Ratu ba. A gidansa da rarrafe muke wucewa. Yanzu a gabana za a mayar da kansa abu mafi ƙasa a jikinsa, tafin ƙafarsa na kallon rufi, mata biyu a tsaye a kansa? Na ga hannun Sista ya nufi maɗaurin gadon ta wajen kai, ban san lokacin da na sha gabanta ba.

Na ce, “Ba a gabana ba.”

Adi Kelera ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Dakta ta dubi agogo. Sista Vasemaca ta kama ƙugu, ta dube ni daga takalmi har tsakar kai.

“Kai ne bakinsa?”

“Ni ne.”

“To buɗe kunne, bakin Ratu. Ni 'yar Gau ce.”

Mutanen Gau da mu abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Tau muke kiran juna. Tau zai zage ka a gaban surukanka ka yi dariya, ya shiga gonarka ya tuge abin da ya ga dama ka taya shi ɗauka. Wanda ya yi fushi da tau ɗinsa shi ya ji kunya, kuma sarauta ba ta fitar da kowa daga wannan.

Ta ce, “Yau in na sauka ƙauyenku na kama bijimin da ya fi ƙiba, cikin waɗanda wannan mai taurin kan ya shiga ruwa dominsu, wa zai hana ni? Kai?”

Na ce, “Babu.”

“Ɗaga murya, tau, ko rogo ne a bakinka?”

“Babu mai hana ki.”

“To na yafe muku bijimin. Ƙafa biyu nake so, na minti ɗaya. Ku mutanen Vanua Levu da Allah ya ba ku ƙafafu kamar kwale-kwale, ai gara yau su yi wani amfani. Matsa.”

Shekara talatin ina yi wa mutane fassarar al'ada, ban taɓa zaton za a ɗaure ni da igiyata ba. Na zame na zauna a ƙasa, na tanƙwashe ƙafa, don in kan Ratu zai sauka, nawa ya riga shi. Abin da ya biyo baya ban manta ba. Dakta Roshni, wadda al'adar nan ba tata ba ce, ta durƙusa a kan gwiwoyinta a gefen gadon da na'urarta. Sista kuma, bayan duk wannan rashin kunya, sai da ta sunkuya ta ce “Tulou, Ratu,” a hankali, neman gafarar da ake yi kafin a gifta babba, sannan ta sauke kan gadon. Ta zagaya, ta tallafo ƙafafun nan biyu masu nauyin buhun sukari, ta ɗora a kafaɗunta.

Ban taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba. Daga inda nake zaune ina hango allon: wani abu toka-toka yana buɗewa yana rufewa. Zuciyar sarkina ke nan, a fili, kamar kifi a ƙasan ruwa. Duk da tashin hankalin da nake ciki, sai na kama kaina ina miƙa wuya.

Dakta ta ce, “Ba ta motsa ba. Ko kaɗan.” Ta matsar da na'urar gefen ƙirji, ta nuna wasu fararen layuka da ke saukowa. “Ga shi ma ruwa ya fara taruwa a huhu.”

Sista ta sauke ƙafafun, ta gyara gadon, ta rufe shi. Ta tsuguna ta tafa sau uku da tafi a dunƙule, yadda ake yi in an taɓa abin da ya fi ƙarfin mutum. Sannan ta ɗauki leda ta huɗu daga inda Dakta ta ajiye, ta mayar kan kantar magunguna. A madadinta suka haɗa wani magani a sirinji, mai tsuke jijiyoyin da suka saki, wata 'yar na'ura tana tura shi ɗigo-ɗigo.

Sista ta ce, “Saura aikinka, Masta. Jeka faɗa musu.”

Mutum arba'in ne a gindin bishiyar da ke ƙofar asibiti, a kan tabarmi, da tukwanensu. Na tsaya a gabansu na ce an dakatar da ƙarin ruwa. Viliame, ƙanin Ratu, ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba ina magana.

“Leda uku? Uku, Masta? Matar Jone da ta je haihuwa lafiyarta ƙalau huɗu aka sa mata! Kuma me nake ji, wai an ɗaga ƙafafunsa kana zaune?”

Na ce tau ce ta ɗaga. Wasu tsofaffi suka yi gyaran murya, suka sunkuyar da kai, don sun san ba magana. Amma Viliame ya matso har ina jin numfashinsa. Ya ce, “In yayana ya mutu da ƙishi, kai za ka faɗa wa ƙauye da bakinka cewa kana gani aka mayar da ruwan.” Gaskiya ya faɗa. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na tsani matar nan a wannan yammacin.

Washegari da safe na tarar da ita a ƙafar gadon. Na sayo ɗan littafi, na ce in za a kashe mini sarki, aƙalla in san yadda aka yi. Duk awa tana matse farcensa. Na tambaye ta me take ƙirgawa. Ta ce jiya sai ta kai shida kafin jan ya dawo, yau huɗu, tana neman uku. Na rubuta. Wajen ƙarfe goma ta ce za a sake tambayarsa. Wannan karon ni na ce tulou da kaina. Ƙafafu suka hau kafaɗa, Dakta ta duba, ta ce, “Yau ta amsa.” Sai ga Sista ta ɗauko leda ta rataya. Farin ciki ya kama ni. Ban gama murna ba ta murɗe abin, ruwan ya tsaya, kwata kawai ya shiga.

Na ce, “Haba tau, saura fa?”

Ta ce, “Abin da ya roƙa ke nan. Kai in ka ce a sam maka ruwa a kofi, rijiya ake jefa ka?”

Da la'asar ɗin ranar ya yi tari, majinar ta fito da ɗan jini. Aka ƙara masa iska ta hanci, ya yi ta haki har gari ya waye, amma ya riƙe numfashinsa da kansa. Na tsare Dakta Roshni a baranda na ce ta gaya mini tsakani da Allah, da an sa ledar nan da wadda za ta biyo ta, me zai faru? Ta ce ita ba ta rantsuwa a kan abin da bai faru ba. Sai ta juya ta dubi injinan numfashin nan biyu, da har lokacin suke kan masu su.

Rana ta uku da hantsi, muna zaune a gindin bishiya, limamin cocinmu yana tsakiyar addu'a, sai ga Sista ta fito baranda da wani kofin awo a ɗage sama, cike da abu ruwan ɗorawa. Ta ƙwala murya yadda har masu tasi suka juyo: “Mutanen Vanua Levu! Sarkinku ya yi fitsari!” Liman ya rasa inda ya tsaya. Matan suka ɓarke da dariya suna kuka. Viliame ya rufe fuska da gefen zaninsa, kafaɗunsa na rawa.

Rana ta biyar Ratu ya buɗe ido ya kira ni da sunana. Na durƙusa na faɗa masa duk abin da aka yi masa, don aikina ne, na ce laifin a wuyana yake. Ya juya ido ya nemo ta. Ta ce, “Tau, ƙafafunka sun fi hankalinka nauyi. Gobe ma ka shiga ruwa da ciwo.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Yau yana nan, yana noman yangonarsa, sai dai ya sayi takalmin roba mai tsawo.

Ke ce, Vasemaca, mai tambayar wanda ba ya magana. Ke ce kika san al'adarmu har kika san ƙofar da ta bari a buɗe. Amma ni wannan bai ishe ni ba. Dabarar ɗaga ƙafa a littafi take, Dakta ta nuna mini shafin. Abin da na kasa ganowa shi ne inda mace ta samo ƙarfin zuciyar da za ta mayar da leda kan kanta alhali mutum arba'in na waje suna jiran su tsine mata. Shekara uku ina kai mata gwanda da tambaya. Ta karɓi gwandar, ta ce in je in nemi aikin yi.

Makon jiya na je gidanta na tarar tana ɗaure kaya a kwalaye. Na ce, “Tau, jirgi zai tafi da ke da amsata. Ki ji tausayin tsoho.”

Sai ta hau kujera, ta sauko da wani abu daga saman sif, a naɗe cikin tsohon zanin gado. Tabarma ce, irin mai laushin nan da ake yi wa baki da zaren ulu ja da kore, wadda mace ke shafe wata uku tana saƙawa. Igiyar da aka ɗaure ta da ita ta bushe har ta yi fari.

Ta ce a shekararta ta biyu da fara aiki, a wani ƙaramin asibiti na tsibiri, aka kawo mata wani mai fasa kwakwa, Ilaitia, da irin ciwon Ratu. Likita ya tafi wani ƙauye a jirgin ruwa. Jinin mutumin ya sauka, ta sa leda. Ya ɗan hau, ya sake sauka, ta sa wata. “Abin da aka koya mana ke nan a lokacin, Masta, kuma shi na iya. Duk ledar da na rataya, matarsa sai ta ce Allah ya yi mini albarka. Bakwai na sa. Kafin la'asar kumfa na fita ta hancinsa. A kan busasshen gado ruwa ya ci shi, ina tsaye ina riƙe da ta takwas.”

Na ce ai ba wanda zai ga laifinta.

“Ba wanda ya gani. Shi ne abin.” Ta shafa tabarmar. “Da aka yi kwana ɗari da rasuwarsa, matar ta zo da 'yan'uwanta, suka zauna a ƙasa, suka miƙo mini wannan. Ta ce a tarihin ƙauyensu ba a taɓa sa wa mutum leda bakwai ba. Ta ce na yi wa mijinta gata. Na karɓa, tau. Me zan ce mata? Shekara talatin da biyu ban kwance igiyar nan ba. Duk ranar da hannuna ya kai kan leda, sai na gan ta.”

Na tambaye ta ko in rubuta. Ta ce in rubuta, amma in rubuta daidai, don sababbin nas su san ba rowa take koya musu ba. Sai ta mayar da tabarmar cikin zanin, ta sa a kwalin da za ta riƙe a hannu.

To na rubuta. Ku da za ku gaji gadajen nan huɗu, ku fara daga ƙafa, ku ɗumama hannu, ku tambaya kafin ku ba da, ku sake tambaya bayan awa ɗaya, don jikin da ya ƙi da safe yana iya roƙo da hantsi. Mu kuma na gindin bishiya, mu daina auna ƙauna da yawan leda, mu bar masu aikin su yi aikinsu.

Ke kuwa, 'yar Gau, Allah ya kai ki gida lafiya, ya huta da kafaɗun nan. Ratu ya ce bijiminki na nan yana jiranki, ko kin yafe. Ni godiyata ba ta da ado. Na tsaya miki a gaba, na tsane ki, na roƙe ki abin da zai kashe mutumin da aka haife ni in tsare. Da kin ba mu abin da muka roƙa a ranar, da mun binne shi muna yaba miki, kuma bayan kwana ɗari ni ɗin nan, da bakin nan nawa, zan jagoranci ƙauyenmu mu zauna a ƙofarki mu miƙa miki tabarma ta biyu.

Mun gode da kika hana mu.